Ƙwaƙwalwar moton Dodo na gani a moton wan matata

Malam Abdulmalik, don Allah ka taimake ni da shawara kafin ranar kasuwa. Kwana uku ke nan ko abinci ba ya mini daɗi, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a garin nan ba ta zaga ba.

Ni makanike ne a Gaya. Da karbiratar na fara kamar kowa, amma da sababbin moto, wato babura, masu ƙwaƙwalwa suka fara shigowa, na tafi Kotonu na yi wata bakwai ina koyon aikinsu. Ƙwaƙwalwar nan wani ɗan akwati ne ƙarƙashin wurin zama. Ita ke auna esansi, wato man da zai shiga inji, ita ke ba buji wuta a kan lokaci. A wasu manyan moto har lakile, wato makulli, ta sani, in ba nata ba ne inji ba ya tashi. Idan ta ƙone ba a gyara ta da guduma. Sabuwa ake sawa, a jona na'ura, a zuba mata tsarin da ya dace da injin, a rubuta mata lambar shasi, sannan a gabatar mata da lakile.

Bara na yi wa wani manomin shinkafa na Tanda wannan aiki, sunansa Dodo. Ruwa ya shiga ƙwaƙwalwar motonsa a fadama. Na sa masa sabuwa, na rubuta kwanan wata a bayanta da farin fenti yadda na saba, na ɗauki hoton lambarta a wayata. Ana saura mako biyu Layya aka sace moton a bakin kasuwa. Tun daga ranar, duk kasuwa sai ya biyo garajina ya tambaya ko na ji labari. Yanzu a amalanke yake kawo buhunansa.

To, ranar Asabar wan matata Rashidu ya kawo mini moto cikin a-kori-kura. An sake masa fenti, ja ya koma baƙi. Ya ce a hayin iyaka ya saye shi da araha domin lakilen ya ɓata, takardu kuma mai sayarwa zai aiko. Yana so in cire tsohuwar ƙwaƙwalwar in sa sabuwa da sabon lakile. Da na ɗaga wurin zama na juya akwatin, rubutun hannuna na gani. Na ce ko idona ne, na jona na'ura. Lambar da ta fito ita ce wadda ke cikin wayata, lambar jikin shasin kuwa an goge ta da dutsen wuta an buga wata.

Malam, ƙarya na yi masa. Na ce na'urata ta samu matsala, ya ba ni kwanaki. Na rufe moton da tanti a bayan garaji.

Rashidu shi ya riƙe matata Zuhura tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta lokacin da dangi ke cewa mai baƙin hannu ne ni. Ban taɓa jin an kama shi da abin wani ba. Amma shekara ashirin yana jigila a iyakar nan, yaya za a yi bai san ma'anar moto babu lakile babu takarda ba? Aikin minti arba'in ne. In na yi shi na jefa tsohuwar a kogi, babu mai ganewa har abada. In na ƙi, ban san da wace fuska zan shiga gidana ba. Jibi kasuwa, Dodo zai zo ya zauna a bencin da bai fi taku goma da motonsa ba. Me zan yi?

Makanike cikin damuwa, Gaya

Ɗan'uwa, Allah ya sassauta maka. Kada ka sa sabuwar ƙwaƙwalwar nan, kada kuma ka goge komai a tsohuwar. Ita kaɗai ta rage da za ta shaidi moton Dodo, kuma ranar da ka cire ta ka shiga cikin satar da hannunka, ko da ba ka ci ko dala ba. Bar ta a inda take, ka ɗauki hotonta da na lambar da na'ura ta nuna.

Rashidu kuma kada ka yanke masa hukunci tukuna. Mai yiwuwa arha ce ta rufe masa ido, kuma hakan ya sha bamban da sata. Mutumin da ya yi maka wannan halacci ya cancanci ya ji gaskiya daga bakinka kafin ya ji ta daga bakin jandarma. Fara da Zuhura yau, a natse, don kada ta tsinci labarin ɗan'uwanta a waje. Gobe da safe ka je wurinsa da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ka amsa cewa na'urarka lafiya lau take, tsoro ne ya sa ka faɗi haka. Nuna masa hotunan, ka roƙe shi ku kai moton wurin hukuma tare, ya ba da sunan wanda ya sayar masa. Wanda ya kai da ƙafarsa ba ɗaya yake da wanda aka kama da shi ba.

Kada ka kira Dodo garaji ka yaye masa tanti. Ranar kasuwa ce, jama'a za su taru, kuma ba ka da iko da abin da zai biyo baya. A hannun hukuma ya kamata ya karɓi abinsa.

In Rashidu ya ƙi, ka gaya masa a gaban dattijon cewa za ka je kai kaɗai kafin la'asar, kuma ka je. Zai yi fushi, wataƙila ya daɗe bai taka gidanka ba. Wannan za ka iya ɗauka. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya tsare maka gidanka da sana'arka.

Malam Abdulmalik