Wayar shago ta koma hannun Sabi'u

Daren Laraba, 9 ga Rajab

Barci ya ƙi zuwa. Shekara shida ke nan da na baro Mubi ina yi wa Alhaji aiki a shagon fata a Kurmi. Ni na raba wayar shago gida uku, akawun ɗina, na Alhaji, da na Sabi'u ƙanen matarsa, kuma ni ne admin, mai iko da saitin wayar duka. Makon jiya Alhaji ya karɓe ikon ya ba Sabi'u, wai ɗan gari ne, ba ya tafiya gida da salla.

Yau da hantsi wata Hajiya ta zo a ɗinka mata irin jakar da ta taɓa turo hotonta. Na buɗe ɓangarena, babu hoto. Ni na goge da hannuna garin neman sarari. Sabi'u ya ce, "Malam Buba, kwantar da hankalinka, miƙo." Ashe ya saita wayar tana kwafe hotunan kowa da kanta, ko akawun ɗin wa aka buɗe. Nawa saitin ba ya aiki sai an buɗe akawun ɗina, ban taɓa lura ba. Nan take hoton ya dawo.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ka gani ko, mutumin Mubi?" Na ce na gani. Har na iso gida Goron Dutse ina tuna maganar.

Na so a ce don surukuta kawai aka ba shi. Ya fi ni iyawa, abin da ke ci na ke nan. Da na shirya roƙon Alhaji ya mayar mini, na fasa. Gobe zan ce Sabi'u ya koya mini, amma sai Alhaji ya tafi masallaci.