Kududdufin Baba Ya Mutu

Oaxaca, 3 ga Mayu

Yaya Nicanor,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ƙungiyar masunta za ta zauna a kaina a ƙarshen Yuni. 'Yan kifayen nan masu tsalle tsakanin duwatsu sun mutu a kududdufin Baba na bakin teku, wai ni na zuba ruwan bilic na wanki a ramuka don in koro kifi mai hannu takwas. In suka kore ni daga gaɓar, me matata Remedios da yara za su ci? Ka rubuta musu cewa zafi kan kashe kifin nan duk shekara. Maganarka suna ji.

Ƙaninka, Fidencio

Omaha, 17 ga Mayu

Fidencio,

Na amsa gaisuwa. Shekara uku ba ka rubuto ba sai da ka buƙaci maƙaryaci. Kifin da ke kwanciya kan dutse da tsakar rana yana kallon mutum, shi zafi zai kashe? Kai ka zuba, malalaci. Baba kan yi awa guda a durƙushe da ƙugiya a bakin rami ɗaya. Ni nan Amurka tsaye nake yini ina yankan naman shanu cikin sanyi, yatsuna ba sa lanƙwasuwa, ban kashe wa kowa ruwa ba. Ba zan rubuta ba. Ka gaida Remedios.

Nicanor

Oaxaca, 1 ga Yuni

Yaya mai tsarki,

Ina gaisuwa. E, na zuba. Wa ya fara nuna min, shekarar da Baba ya kwanta ciwo? Wa ya ce rabin kwalba ya isa? Kai ka hau mota ka tafi, sunanka na nan a ƙungiya yana jiranka. Ka huta lafiya.

Fidencio

Omaha, 15 ga Yuni

Fidencio,

Gaisuwa. Na rubuta musu. Na ce kai ka zuba, ni na koya maka. Na ce in dole a cire ɗan gidanmu ɗaya, a cire ni, a bar ka da ƙugiya kaɗai, su riƙa duba kwandonka. Gurbin nan nawa na ƙungiya shi nake tunani kullum in na tashi aiki. Yanzu ba abin da zan komo wa. Kada ka gode min, kada ka rubuto sai kifayen sun dawo kududdufin.

Yayanka, Nicanor