Bidiyon Suna Ya Ƙi Fita

Daren Laraba

Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙirƙiro manhajar haɗa bidiyon nan. Tun la'asar nake fama da bidiyon sunan jikata da zan tura wa Inna, tunda hanyar garinsu Kakangi ta hana ta zuwa, kuma gobe kaɗai za a hau tudu da wayarta neman sabis. Sai manhajar ta kusa gamawa, ta mutu, wai waya ta cika.

Maigida ya leƙo ya ce, "Hajiya, goge tsofaffin saƙonnin muryar nan mana."

Na ce, "Na marigayi Yaya Audu? Allah ya kiyaye."

Wa'azozin da maigidan yake turo min kullum kan haƙurin mata na share. Nan take bidiyon ya fita. Bai sani ba tukuna.