Ɗan Littafin da ke Aljihun Hedley

Exeter,
20 ga Yuni.

Zuwa ga Yayata Tamsin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Jory da yara da jikoki. Yaya ciwon bayan naki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa sanyin da kuke shiga yanzu a Adelaide kada ya tayar da shi. Mu nan lafiya lau, sai kewa. 'Yata Bryony tana zuwa duk Lahadi, ta cika mini firji da abincin da ba zan iya cinyewa ba, ta yi mini faɗa wai ba na buɗe taga. Wata huɗu ke nan da rasuwar Hedley, Allah ya jiƙansa, amma har yau da safe sai in ga na sauko da kofuna biyu. Na daina mayar da ɗayan, ina barinsa a kan tebur kawai.

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Kin tambaye ni inda za mu je shan shayin la'asar na gaske idan kin zo a watan Satumba. Da kin yi wannan tambayar bara, da na ce miki ban sani ba. Yanzu kuwa ina jin ba mace a unguwarmu da ta fi ni sanin wuraren nan, kuma yadda aka yi na san su shi ne abin da ya hana ni rubuto miki.

A watan Afrilu na daure na kwashe kayan Hedley zan bayar sadaka. A aljihun ciki na kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa na samu wani ɗan littafi. Da na buɗe sai ga sunayen gidajen shayi guda bakwai na cikin gari, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Kowanne da kwanan wata a gefensa, duk ranar Alhamis, kuma kowanne ya rubuta “tebur na mutum biyu”. Shida ya soke su, ɗaya ya kewaye da jan biro. Yaya, ranar Alhamis fa ita ce ranar da yake ce mini ya tafi lambunsa duba dankali. Kuma kin san Hedley. Shekara talatin yana tuƙa bas, shayinsa a filas yake, a wani kofi da ya yi baƙi ya hana ni wankewa. Shi ne mai cewa wuraren nan na marasa aikin yi ne, a ba ka burodi kamar na tsuntsu a ce ka gode. To da wa yake zuwa? Na zauna a bakin gado da kwat ɗin a cinyata, ban san ko kuka zan yi ko in jefar da shi ba. Bryony ta ce, “Mama, ki bar Baba ya huta, ki jefa abin nan a shara.” Na ce to. Washegari Alhamis na sa hulata na hau bas.

Na fara da wani babban otal kusa da babban coci. Aka zaunar da ni a wata kujera mai laushi, na nutse har gwiwoyina suka kusa kai mini ƙirji. Suka kawo faranti mai hawa uku, sanwicin kokwamba a ƙasa an yanke masa gefe, sikon, ɗan dunƙulen burodin nan da ake shafa wa kirim da jam, a tsakiya, kek a sama, da kofi mai sirantaka har ina ganin inuwar yatsana ta cikinsa. Na nuna wa mai kawo abincin hoton Hedley, ya ce bai gane shi ba. Da zan tashi sai da ya ba ni hannu. A bas na sake duba littafin, sai na ga a ƙarƙashin sunan otal ɗin ya rubuta da ƙananan baƙaƙe: “Kujeru sun yi ƙasa, ba za ta iya tashi ba.”

Na biyu yana bakin kogi, a saman wani tsohon sito. Wurin da kyau, kana shan shayi kana kallon agwagi, amma sai da na huta sau biyu kafin in kai sama. Shi ya rubuta: “Matakala goma sha tara.” Na ƙirga, daidai ne. Na uku kiɗa ya yi yawa, kuma duk sanwicinsu na kifi ne, ya rubuta: “Ba ta cin kifi.” Ki yi dariya idan kin ga dama, Yaya, amma wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne, ashe ita ma tsohuwa ce mai ciwon gwiwa! Har na ji haushi ya ƙaru, na ce mutum zai ci amanarki kuma ya rasa wadda zai samo sai irinki sak. Kishi ya toshe mini kai, ban iya haɗa ɗaya da biyu ba. Kuma ga wani abin kunya: na fara jin daɗin yawon. Ina son in ga irin butar da za su kawo, da yadda kowa yake gasa sikon ɗinsa. Na otal ya bushe, na bakin kogi ya fi.

Wanda ya kewaye da ja na bar shi sai ƙarshen Mayu don ina jin tsoronsa. Wani ɗan ƙaramin wuri ne a lungu bayan kasuwa, ba matakala ko ɗaya, tebur shida, kujerun katako masu tsawo da hannu. Kofunansu ba wanda ya yi kama da wani. Mai wurin, Madam Pugsley, wata ƙatuwar mata ce mai murya kamar ta mai kiran fasinja. Tana ganin hoton ta tafa hannu ta ce ai wannan maci amanar ne! Na tambaye ta da wa yake zuwa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da wa kuwa, shi kaɗai yake zuwa, ya zauna a wannan kujera, ya tashi ya gwada waccan, kamar mai shirin sayen su. Ta ce amanar Devon ya ci, don da idonta ta ga haifaffen Devon yana shafa jam kafin kirim.

Kin dai tuna ranar da na fara kai shi gida Cornwall, inda jam muke fara shafa wa sikon sannan kirim a sama, su kuwa mutanen Devon kirim suke farawa da shi. Ya shafa kirim a ƙasa ya ɗora jam a sama, Mama ta ja ni kicin ta ce in yi tunani da kyau kafin in auri mutumin da yake ɓoye kirim kamar abin kunya. Shi kuma yana cewa kirim ai matsayin man shanu yake, wane mahaukaci ne zai sa man shanu a kan jam? Shekara arba'in ba mu taɓa cin sikon ba sai da wannan musun. Ya kira ni 'yar ƙetaren kogi, saboda kogin da ya raba Cornwall da Devon, in ce masa Direba, ci naka ka bar ni da nawa.

Madam Pugsley ta ce sau huɗu yana zuwa. Ranar farko ta tsaya a kansa ta ce, “Malam, ko dai ka ɓata hanya ne? Nan Devon ce fa.” Ya ce ta rufa masa asiri, matarsa 'yar Cornwall ce, ranar goma sha huɗu ga Yuni za su cika shekara arba'in da aure. So yake ya kawo ta nan, ya shafa jam da farko a gabanta, bai ce uffan ba, don kawai ya ga fuskarta. Sai dai bai iya ba. Wai da wuƙa yake son shafa kirim ɗin a kan jam, sai komai ya zame ya zama ruwan hoda, har a hannun rigarsa. Ita ce ta ƙwace wuƙar ta ba shi cokali, ta ce idan zai yi abin kunya ya yi shi da kyau. Yanzu na gane jan tabon nan da na yi ta gogewa a rigarsa a watan Janairu, ya ce mini wai ruwan wani jan tushe ne daga lambu.

Ta tambaye ni ina yake, ko tsoro ya kama shi ne ya daina zuwa. Da na gaya mata, sai ta zauna a kujerar da ke gabana, ta ɗauki buta ta zuba mini. Can ta ce teburin bakin taga yana nan da sunansa, ƙarfe uku da rabi, ko ta soke? Na ce ta bar shi.

Na je ranar goma sha huɗu. Ban gaya wa Bryony ba sai daga baya. Na sa shuɗiyar rigar nan da kika aiko mini. An shirya tebur na mutum biyu, ban ce a ɗauke komai ba. Kujerar ta yi mini daidai, sanwicin na ƙwai ne da na kokwamba, ba kifi ko ɗaya. Da na kai kan sikon, yana da ɗumi, na raba shi biyu na zauna ina kallonsa. Sai na ga hannuna ya ɗauki wuƙa ya shafa kirim a ƙasa, da kauri, yadda yake yi, na ɗora jam a sama. Madam Pugsley tana kallona daga bayan kantar shagon, ta juya ta yi kamar tana goge kofi.

Yaya, kada ki gaya wa kowa a dangi, musamman Anti Wenna, don za ta ce na bar gida. Na ci na irinsa, sannan na yi ɗaya rabin irin namu don in gwada. Ɗanɗanon ɗaya ne. Shekara arba'in! Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma ban san lokacin da dariyar ta ƙare ba. Abin da nake ta tunani shi ne, shi ma ai ya ɗanɗana ya gane tun watan Janairu, amma ranar Lahadin ƙarshe da muka ci tare sai da ya ce mini 'yar ƙetaren kogi.

To ga amsar tambayarki. Wurin Madam Pugsley za mu je, na riga na ce ta ajiye mana bakin taga. Akwai kuma uku a littafin da ban gani ba tukuna. Ɗaya ya rubuta masa “shayi kamar ruwan wanki”, ina son in je in ji ko gaskiya ya faɗa. Ki zo da takalmi mai daɗin tafiya.

Ki gaishe mini da Jory, ki ce na gode da katin da ya rubuto da hannunsa. Ki gaida yaranki, Petroc da matarsa, da Elowen, ki sumbaci jaririyar a madadina. Bryony da mijinta suna gaishe ku. Allah ya kawo ki lafiya, ya sa mu gana da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Kerensa