Gurbina a Kujerar Kanar

Aldersby, watan Fabrairu 1818

Zuwa ga ƙanena Barnabas a Halifax,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sauƙaƙa muku sanyin ƙasar nan da ka zaɓa wa kanka. Mu nan lafiya lau. Matata Tabitha ta daina tari, 'yata Susannah ta haifi namiji. Mijinta ne ke rubuta mini wannan, na kuma hana shi gyara mini magana.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗauke da abin da ka yi mini, ban sauke ba. Ka san ni na goyo Kanar Marchbourne daga cikin taɓon Flanders lokacin yaƙi, ranar da harsashi ya fasa masa gwiwa. Da ya dawo ya shiga Majalisa, zaɓe uku a jere ni ke riƙe sandar gaba ta dama idan an ɗora shi a kujera ana zagaya gari da shi. Sai kai, da ka sami murhu da tukunyar kanka, abin da dokar garinmu ke nema kafin mutum ya zama mai ƙuri'a, ka hau dandamali gaban kowa ka kira sunan abokin takararsa da babbar murya, ka ba shi ƙuri'arka. Ka shiga jirgin ruwa ka bar ni da garin. Wakilin Kanar ya ce gidan da ya raba ƙuri'a ba ya taɓa kujera, ya miƙa sandata ga Gideon mai fawa, mutumin da kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. A zaɓen da ya wuce sun kusa juye Kanar cikin kwata a gaban coci. Har yau a gidan giya Gideon yana tambayata ko kafaɗata ta huta, ni kuma ina ce masa ya fara koyon ɗaukar rabin alade tukuna.

Masu cewa Kanar bai yi komai a London ba, baki ne da su kawai. Sau biyu ya miƙe ya yi magana, na yarda, amma ɗaya a kan takalman soja ne, kuma wanda bai taka ƙanƙara da tsumma a ƙafa ba ba zai gane ba. Yanzu ya tsufa, ya ce zaɓe mai zuwa shi ne na ƙarshe. Zai ci, ba na ko shakka. Na tare wakilin a kasuwa, ya ce idan ka rubuto da hannunka cewa ra'ayinka ne kai kaɗai, ban sani ba kuma ban sa ka ba, zai mayar mini da gurbina. Ya yi dariya wai shekaruna sun ja. Na ɗaga masa buhun sha'ir a gabansa, dariyar ta tsaya.

Ka gaishe da matarka Keziah, da Nathaniel, da ƙaramar Phoebe da ban taɓa gani ba. Tabitha na gaishe ku.

Ban ce ka tuba ba, Barnabas, ra'ayinka naka ne. Sau uku ina aiko maka kana shiru. Wannan karon ka zauna ka ba ni amsa a jirgin farko, kafin a kafa dandamalin zaɓe.

Yayanka,
Elias Tunnock