Gobe Kasuwa Ce?

Yelwa, daren Talata.

Masu rubuta manhajar wayar ƙungiyarmu ta masunta suna Kaduna cikin sanyin ofis, ni kaɗai nake bakin ruwa ina kula da ita. Makon jiya suka saki gyaran manhajar ranar kasuwa ba su tambaye ni ba, ta tsaya cak. Masunta suka kasa kiran motar ƙanƙara, kifi ya yi wari, ni na sha zagin.

Yau bayan magariba Hauwa, shugabar masu rubuta manhajar, ta kira.

"Baba Sani, gobe kasuwa ce?"

Na ce a'a.

"To, za mu saki gyara. Daga yau sai mun tambaye ka."

Ashe haɗin kan da ake wa'azinsa a taro yana da murya. Na buɗe baki in tambayi lafiyar mutanen gidansu, ta kashe. Shayina ya huce, wayar tana hannuna.