Jan Keken Baƙi

Renske, sanyin idona, madarar safiyata, hasken da ke fara taɓa ciyawa kafin tsuntsaye su farka,

Daga cikin jirgin ƙasa nake rubuto miki. Amsterdam tana ta ja da baya ta taga, maganar da na zo da ita kuma tana nan maƙale a wuyana. Ga ta a takarda, tunda bakina ya ci amanata: na gaya wa Baba na haƙura da shanu. Na ce ya ba ƙanwata Tjitske da mijinta gonar, ni birni zan koma, wurin Renske. Ya amince, har sun fara kwaso kayansu. Abin da na zo in faɗa miki ke nan, ya rabin raina, sai na tarar kin shirya mini yawon buɗe ido.

Kai, birninku akwai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba! Gidaje sirara sun jeru a bakin ruwa, kowanne ya ɗan sunkuyo kamar tsofaffi masu gulma, da ƙugiyar jan kaya a goshinsa. Na ga zalɓe tsaye a kan rumfar mai kifi, mutane na ta wucewa, shi ko gezau, alhali na wajenmu ko tari ka yi ya tashi. Na ci ɗanyen kifi da albasa a tsaye. Tattabaru sun yi mini rubdugu a babban dandali. Mun haye ruwa a jirgin fito na bayan tasha, iska tana wasa da gashinki, ni ina kishin iskar. A gidan zane-zane jama'a sun yi cincirindo gaban manyan hotuna, ni kuwa na tsaya gaban hoton wata saniya na ce hantsarta ta cika, a taimaka a tatse ta. Kika ce, "Douwe, don Allah rage murya, ba a garke kake ba." Kin yi dariya, amma sai da kika waiga ki ga ko wani ya ji, kuma na ga waigen.

Kin tuna ranar da kika gama makaranta? Ruwa ya kece, na goya ki a kariyar kekena tun daga garin Sneek har ƙofar gidanku, iska tana ture mu, hannunki cikin aljihun rigata. Da muka zo gangaren gada kika yi ihu, "Kada ka kama birki! In faɗawa ruwa za mu yi, mu faɗa tare!" Wace mace ce ke faɗin haka ta manta? Wane namiji ne zai ji haka ya warke?

Shi ya sa da safiyar Asabar na ɗauka kekenki za mu fito da shi, in tuƙa, ki hau baya. A raina na ce a nan zan faɗa miki, ina kallon gaba, kuncinki a bayana, don ni ban iya babbar magana ido cikin ido ba. Sai kika ja ni shagon haya. Aka turo mini jan keke mai allo a gaba, irin wanda ake ɗora wa baƙi don 'yan gari su hango su daga nesa su kauce. Kika ce, "Ya fi sauƙi, kowa da nasa." Kowa da nasa, Renske! Ba mu yi nisa ba wata tsohuwa ta danno ƙararrawa a bayana, ta daka mini tsawa da Turanci, "Matsa, baƙo, nan ba filin wasa ba ne!" Na ce mata da harshenmu, "Haba Iya, ai na iya keke kafin in iya magana." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To wa ya aike ka hawan wannan abin?" Wadda ta aike ni kuwa tana can gaba, ko juyowa ba ta yi ba.

Duk wannan da zan iya haɗiye shi, ba don yau ba. Mun mayar da keken, mun taka zuwa tasha, sai ga Joris, wanda kika ce abokin aikinki ne. Ya miƙo mini hannu yana murmushi, "Manomi, ka ga gari? A gaida mana shanu!" Ba mugun mutum ba ne, wannan ma ya ƙara mini haushi. Kika sumbace ni a kumatu, dama, hagu, dama, irin ta gwaggo ranar biki, kika ce in gaida Baba. Na shiga tashar, sai zuciya ta ce in leƙo. Joris ya riga ya taka fedar kekensa. Kika ɗan bi shi da sassarfa, kika yi tsalle kika zauna a kariyarsa a kaikaice, ko kallon wurin zaman ba ki yi ba, hannunki ya sami aljihunsa da kansa. Na san kowa yana goya kowa in ta kama. Amma wannan hawan ba na yau ba ne, ni na san yawan faɗuwar da ake yi kafin a iya shi.

Me zan roƙa yanzu, ya furen zuciyata? In ce ki dawo? Na ga fuskarki a birni, ta fi haske, kuma ba ni na haska ta ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki amsa mini don tausayi. In babu, ki ce babu, zan ɗauka. Son da nake miki dai ba a shago na karɓo shi ba, babu inda zan mayar.

Filaye sun fara buɗewa, mun kusa gida. Tjitske tana da ciki, ta riga ta zaɓi launin ɗakin jariri, kuma ɗakina ne. Ba zan buɗe baki in ce a mayar mini da abin da na bayar da hannuna ba. Gobe zan je wurin mijinta in tambaye shi ko yana neman mai tatsa, a gonar da aka haife ni.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a rufe idona,
Douwe